Sankarar mama a nahiyar Asiya: yaɗuwarta da hanyoyin gano ta da wuri

Sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono, ita ce nau'in kansar da ta fi kama mata a duniya. Ƙididdigar cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2 da dubu 300 ne aka gano suna da cutar, yayin da ta hallaka kusan dubu 670.

Sama da kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu a nahiyar Asiya suke, haka kuma kusan rabin waɗanda suka rasu. Da yake kimanin kashi 60 cikin ɗari na al'ummar duniya a Asiya suke zaune, alƙaluman na nufin mace 'yar Asiya ba ta kai takwararta ta Turai ko Amurka yiwuwar kamuwa ba. To sai dai idan ta kamu, a ƙasashe da dama na nahiyar ta fi ta yiwuwar mutuwa, kuma babban dalili shi ne jinkirin gano cutar.

Ana iya ganin wannan hatta tsakanin ƙasashen nahiyar su kansu. A 2022 ƙasar Sin ta sami sababbin kamuwa kimanin dubu 357, aka kuma rasa mata kimanin dubu 75. Indiya kuwa ta sami kamuwa kimanin dubu 192, amma waɗanda suka rasu sun kai kimanin dubu 98. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar kan rayu aƙalla shekaru biyar bayan an gano ta, alhali a Indiya adadin bai wuce kashi 66 ba.

Yadda cutar take

Cutar kan fara ne sa'ad da wasu ƙwayoyin halitta a hanyoyin da ruwan nono ke bi, ko kuma a gurabun da ke samar da shi, suka soma hayayyafa ba tare da tsari ba. Da farko sukan tsaya wuri guda, daga baya su kutsa naman da ke kewaye, su bi ta kaluluwar hammata, su kai ga ƙashi ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa.

Likitoci sun kasa cutar mataki-mataki. A mataki na ɗaya ƙullutun bai wuce santimita 2 ba. A mataki na biyu ya ɗan girma, ko kuwa ya taɓa kaluluwar da ke kusa. A mataki na uku ya bazu sosai a kewayen maman, a na huɗu kuma ya kai ga wasu sassan jiki masu nisa. Akasarin matan da aka gano cutarsu a mataki na ɗaya ko na biyu kan warke idan suka kammala magani. A mataki na huɗu kuwa, abin da magani ke iya yi shi ne tsawaita rai da rage raɗaɗi.

Me ya sa take ƙaruwa a Asiya?

Shekaru hamsin da suka wuce, ƙasashe irin su Japan da Koriya ta Kudu da Sin na cikin waɗanda cutar ta fi ƙaranci a duniya. Masana sun danganta ƙaruwarta da sauye-sauyen da rayuwar mata ta samu tare da bunƙasar tattalin arziki.

Mafi yawan sankarar mama tana da alaƙa da sinadarin estirojin na jikin mace. Fara al'ada da wuri, da jinkirin ɗaukewarta, da jinkirin haihuwar fari, da ƙarancin haihuwa, da taƙaita shayarwa, dukkansu kan ƙara haɗarin kamuwa. Wani nazari da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2002, wanda ya tattara sakamakon bincike 47 daga ƙasashe 30, ya gano cewa kowane wata 12 na shayarwa kan rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin ɗari, kowace haihuwa kuma da kimanin kashi 7.

Waɗannan al'amura sun sauya cikin hanzari a gabashin Asiya. A Koriya ta Kudu, alal misali, mace kan haifi 'ya'ya kusan shida a 1960, amma a 2023 matsakaicin adadin ya faɗo zuwa ƙasa da ɗaya. Ƙasar Sin ta yi aiki da dokar ɗa ɗaya ga iyali daga 1980 zuwa 2015. Ban da wannan akwai ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da rashin motsa jiki, da shan barasa, sai kuma tsawon rai, domin haɗarin na ƙaruwa da yawan shekaru.

Nazarin da aka yi kan baƙin haure ya ƙarfafa wannan fahimta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1993 kan mata masu asali daga Sin da Japan da Filifin ya nuna cewa waɗanda aka haifa a ƙasashen yamma sun fi waɗanda aka haifa a Asiya haɗarin kamuwa da kashi 60 cikin ɗari, duk kuwa da cewa tsatsonsu ɗaya.

Gado ma yana da nasa rabo, ko da yake bai kai yadda jama'a ke zato ba. Tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na masu cutar suka gaji wata tawaya a ƙwayoyin gadonsu, musamman waɗanda ake kira BRCA1 da BRCA2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani sanannen dalili in ban da kasancewarsu mata da kuma shekarunsu. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma maza ma sukan kamu, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin ɗari na masu ita ba.

Abin da ya bambanta matan Asiya

Abu na farko shi ne shekaru. A Turai da Amurka cutar ta fi yawa tsakanin mata masu shekaru 60 zuwa sama, amma a ƙasashen Asiya da dama an fi ganinta tsakanin masu shekaru 40 zuwa 50 da 'yan kai. Wani ɓangare na dalilin shi ne al'ummar ƙasashen ba su kai na Turai tsufa ba, sannan matan da suka tashi cikin sabuwar rayuwar birni yanzu ne suke manyanta. Ma'anar wannan ita ce cutar kan sami mace a lokacin da take renon 'ya'ya, take kuma tallafa wa gida da abin da take samu.

Abu na biyu shi ne yanayin naman maman. Matan gabashin Asiya da yawa suna da mama mai cunkusasshen nama da ƙarancin kitse. A hoton mamogiram, wato hoton mama da ake ɗauka da hasken eksire, cunkusasshen nama fari yake fitowa, ƙullutun kansa shi ma fari, don haka ɗaya na iya ɓoye ɗaya.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Alamar da aka fi sani ita ce ƙullutu ko tauri a cikin mama ko a hammata, wanda galibi ba ya ciwo. Wannan rashin ciwon ne ke yaudarar mata da yawa su yi ta jira. Sauran alamomin sun haɗa da sauyin girma ko siffar mama ɗaya, da lotsawar fata ko ta yi gurzam-gurzam kamar ɓawon lemo, da shigewar kan nono ciki, da fitar jini ko wani ruwa daga gare shi ba a lokacin shayarwa ba, da gyambon da ya ƙi warkewa.

Likitoci na jaddada cewa mafi yawan ƙullutun da ake samu a mama, har kusan tara cikin goma, ba kansa ba ne. Amma taɓawa da hannu ba ta isa a rarrabe su. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗauki hoto, sannan a gutsuro ɗan nama da allura a auna shi a ɗakin gwaji.

Abin da aka koya a Shanghai da Mumbai

Biyu daga cikin manyan gwaje-gwajen da duniya ta dogara da su kan gano cutar da wuri a Asiya aka yi su.

Na farko an yi shi a birnin Shanghai, inda daga 1989 aka shigar da mata dubu 266 ma'aikatan masaƙu. An koya wa rabinsu yadda za su riƙa duba mamansu da hannu bisa tsari, aka bar sauran. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna cewa mata 135 ne suka mutu da cutar a rukunin farko, 131 a na biyu, wato babu wani bambanci. Abin da ya ƙaru kurum shi ne yawan ƙullutu marasa illa da aka yi wa mata aiki a kansu. Tun daga nan hukumomin lafiya da yawa suka daina ɗaukar duba kai a matsayin gwajin da zai wadatar shi kaɗai. Abin da suke ba da shawara shi ne mace ta san yadda mamanta yake a kullum, idan ta ga sauyi ta garzaya asibiti.

Na biyu kuwa asibitin Tata Memorial ne ya gudanar da shi a unguwannin talakawa na birnin Mumbai daga 1998, kan mata sama da dubu 151 masu shekaru 35 zuwa 64. An horar da wasu mata masu ilmin sakandare su riƙa duba rabin matan da hannu duk bayan shekara biyu, su tura duk wadda aka ga wani abu gare ta asibiti. Sakamakon shekaru 20 da aka buga a 2021 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na waɗanda aka sami cutar a rukunin da ake dubawa ne suka kai mataki na uku ko na huɗu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 47. A tsakanin mata masu shekaru 50 zuwa sama, mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Muhimmancin gwajin Mumbai shi ne ya nuna cewa ƙasar da ba ta da halin sayen na'urori masu tsada tana iya ceton rayuka da horarrun ma'aikatan lafiya mata, muddin akwai asibitin da zai karɓi waɗanda aka tura.

Ƙasashen da ke da tsarin ɗaukar hoto

Ƙasashe masu hali sun kafa shirye-shiryen gayyatar mata masu lafiya su ɗauki hoton mamogiram tun kafin alama ta bayyana. Singafo ta ƙaddamar da nata a 2002. Japan ta soma ba mata masu shekaru 40 zuwa sama damar yin gwajin duk bayan shekara biyu daga 2004, Koriya ta Kudu ma irin wannan tsari take bi. Ƙasar Sin ta fara shirin gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa ga matan karkara a 2009.

Saboda matsalar cunkusasshen nama, Japan ta gudanar da gwaji kan mata kusan dubu 73 masu shekaru 40 zuwa 49, inda aka haɗa wa rabinsu mamogiram da hoton sikanin. Haɗin ya gano kashi 91 cikin ɗari na kansar da ke akwai, mamogiram shi kaɗai kuma kashi 77. Sai dai ya ƙara yawan matan da aka ɗaga wa hankali, daga baya aka tarar ba su da komai.

Samar da na'ura bai tabbatar da cewa mata za su je ba. Binciken gwamnatin Japan na 2019 ya nuna cewa matan da suka yi gwajin cikin shekaru biyun da suka gabace shi ba su kai rabin waɗanda suka cancanta ba.

Abubuwan da ke hana mata zuwa asibiti

A kudanci da kudu maso gabashin Asiya matsalar ta fi ƙamari. Binciken lafiyar iyali na Indiya na 2019 zuwa 2021 ya gano cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na mata masu shekaru 30 zuwa 49 ne aka taɓa duba mamansu don neman kansa. Ma'aikatar lafiyar Indunusiya, ƙasar da ke samun sababbin kamuwa sama da dubu 65 a shekara, ta ce a 2022 kimanin kashi 70 cikin ɗari na masu cutar sai ta yi nisa ake gano su. A Malesiya, rajistar kansa ta ƙasa ta nuna cewa tsakanin 2012 da 2016 kusan rabin matan a mataki na uku ko na huɗu aka gano su.

Dalilan da masu bincike ke ji daga bakin matan kusan iri ɗaya ne a Pakistan da Bangaladash da Indiya da Malesiya. Akwai kunyar ambaton wannan sashe na jiki, hatta ga miji ko uwa. Akwai tsoron a yanke mama, da fargabar miji zai juya baya, da kuma gudun kada maganar ta fita ta hana 'ya'yansu mata samun mazan aure. Wasu kan shafe watanni wajen masu maganin gargajiya kafin su je asibiti. Wasu kuma ba su da ikon yanke shawarar fita ko kashe kuɗi sai da iznin wani.

Ƙyamar likita namiji ya duba mace na daga cikin manyan dalilai a ƙasashen Musulmi na nahiyar. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tattauna batun a zamanta na ƙasar Brunei a 1993, inda ta yanke cewa asali likita mace ce ya kamata ta duba mace, amma idan babu, ya halatta namiji ya duba gwargwadon abin da lalura ta buƙata, ba tare da keɓancewa ba. Duk da haka ƙwararru na ganin hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara yawan ma'aikata mata. Pakistan na da shirin ma'aikatan lafiya mata masu bi gida-gida tun 1994, Indiya ma ta kafa irinsa a 2005.

Irin wannan jinkiri kan bi mata har ƙasashen da suka yi ƙaura. A Birtaniya, inda tun 1988 ake gayyatar mata gwaji kyauta duk bayan shekara uku, bincike ya sha nuna cewa masu asali daga Pakistan da Bangaladash na cikin waɗanda suka fi ƙarancin amsa gayyatar.

Magani da tsadarsa

Asiya tana da tsohon tarihi a yaƙi da cutar. A watan Oktoban 1804 wani likitan Japan, Hanaoka Seishu, ya cire ƙullutun kansa daga maman wata mata mai shekaru 60 bayan ya gusar da hankalinta da wani haɗin tsirrai mai ɗauke da zaƙami. Wannan ita ce tiyata ta farko da tarihi ya tabbatar an yi ta ga majiyyacin da aka sa barci gaba ɗaya.

A yau magani ya ƙunshi tiyata, da gashi da na'ura, da magungunan kashe ƙwayoyin kansa, da kuma ƙwayoyin da ke toshe aikin estirojin irin su tamoxifen, waɗanda ake sha na shekaru biyar ko fiye. Idan ƙullutun ƙarami ne, sau da yawa ana iya cire shi kaɗai a bar maman, abin da ke nufin zuwa da wuri shi ne ke kare mace daga yankewar da take tsoro.

Kusan ɗaya cikin biyar na masu cutar suna da wani nau'i mai saurin yaɗuwa da ake kira HER2, wanda maganin trastuzumab ke yi wa tasiri. Maganin ya daɗe yana gagarar talaka, har Indiya ta amince da wani kwatankwacinsa mai rahusa a 2013, sannan a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance wani da kamfanin Samsung Bioepis na Koriya ta Kudu ya haɗa.

Duk da haka kuɗi na nan a matsayin babban cikas. Wani bincike da aka buga a 2015 kan masu kansa iri-iri sama da dubu 9 a ƙasashe takwas na kudu maso gabashin Asiya ya nuna cewa cikin shekara guda da gano cutar, kashi 29 cikin ɗari sun rasu, kashi 48 kuma kuɗin magani ya durƙusar da gidajensu. Indunusiya ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2014, Indiya kuma ta ƙaddamar da wani shiri a 2018 da ke biya wa iyalai matalauta har rupi dubu 500 a shekara. A Pakistan, asibitin Shaukat Khanum da Imran Khan ya buɗe a Lahore a 1994, da sunan mahaifiyarsa wadda kansa ta kashe, yana kula da majiyyata da yawa da kuɗin zakka da gudummawar jama'a.

Wayar da kai da abin da ke gaba

An keɓe watan Oktoba na kowace shekara domin faɗakarwa kan cutar, kuma ƙyalle mai ruwan hoda shi ne alamarsa. A Asiya, mutuwar wasu fitattun mata ta sa an yi maganar a bainar jama'a: 'yar wasan kwaikwayon Sin Chen Xiaoxu a 2007 tana da shekaru 41, da mawaƙiya Yao Beina a 2015 tana da 33, da mai gabatar da shirye-shiryen talabijin a Japan, Mao Kobayashi, a 2017 tana da 34, wadda miliyoyin mutane suka riƙa bibiyar labarin jinyarta a intanet. Indunusiya kuma tana yayata wasu kalmomi biyu masu sauƙin riƙewa, Sadari domin duba kai, da Sadanis domin dubawar ma'aikacin lafiya.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na rage mace-macen cutar da kashi 2 da rabi cikin ɗari a kowace shekara, wanda ta ce zai ceci rayuka miliyan 2 da rabi kafin 2040. Shirin na da ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwanaki 60 da zuwan mace asibiti, sannan aƙalla kashi 80 cikin ɗari su kammala magani ba tare da yankewa ba.

Ma'aunan sun shafi ƙasashen Afirka irin su Najeriya, inda aka sami sababbin kamuwa sama da dubu 30 a 2022, waɗanda suka rasu kuma suka kai kusan rabin wannan adadi, kwatankwacin abin da ake gani a Indiya. Hakan ya sa sakamakon gwajin Mumbai ya fi dacewa da yanayinta fiye da tsarin Japan ko Koriya ta Kudu.

Cibiyar binciken kansa ta Lyon ta yi hasashen cewa idan al'amura suka ci gaba yadda suke, nan da 2050 mata miliyan 3 da dubu 200 ne za su riƙa kamuwa da cutar a kowace shekara, miliyan 1 da dubu 100 kuma su mutu, kuma ƙasashe marasa ƙarfin tattalin arziki ne ƙarin zai fi shafa.